Sanin Dangin Dabino Ta Wurin Ganye Da Saiwa

A ce ka sami sabuwar gona a bakin fadama, ka shiga sassabe. Kana cikin sara, sai ka tarad da wani tsiro mai ganye biyu ko uku, dogaye, masu tauri. Bai yi kama da gamba ba, bai kuwa yi kama da dawa ba. Ba shi da kututture tukuna, balle fure ko 'ya'ya. To, yaya za ka yi da shi? In ka sare shi, watakila giginya ce ka kashe, wadda da ta rayu da jikokinka sun sami azarar rufin soro. In kuwa ka bar shi, ka yi ta wahalar ban ruwa kana tsammani dabino ne, watakila sai bayan shekara 6 ko 7 ka gane ashe kajinjiri ka ke yi wa bauta.

Ko kuwa a ce ran kasuwa wani ya zo da dashe, yana cewa irin dabinon Agadas ne, ko kuwa kwakwar manja ce mai saurin haihuwa. Kuɗinka za ka ba mutumin, sa'an nan ka ba dashen ƙasarka, da ruwanka, da shekarunka. Ya kamata ka iya duba abin da idonka, kada ka dogara ga bakin mai talla kaɗai.

Babban itace ba shi da wuyar ganewa. Ko yaro ya san giginya tun daga nesa, ya san goriba da rassanta. Wuyar tana wurin ƙaramin da bai yi jiki ba, da kuma baƙon da aka kawo daga wata ƙasa. Waɗannan ba su da abin da za su nuna maka sai ganye da saiwa. Su biyun za ka koyi karantawa a nan, kamar yadda ka koyi karanta baƙi da wasali.

Dangin

Da Hausa ba mu da suna guda wanda ya tara giginya, da goriba, da dabino, da kajinjiri, da tukurwa, da kwakwa. Amma duk dangi ɗaya ne, a cikin wannan darasi za mu riƙa ce da su dangin dabino. Masanan itatuwa sun ƙidaya iri wajen 2,600 a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi da yawan ruwa. Rabon Afirka kaɗan ne, wajen iri 70 kaɗai duk faɗinta, alhali kuwa tsibirin Madagaskar shi kaɗai yana da wajen 200. Wannan sauƙi ne gare ka. In ka san bakwai, ka san kusan duk waɗanda za ka gamu da su daga Agadas har bakin teku.

Da farko sai ka tabbata abin da ke gabanka ɗan dangin ne. Duba tsakiyar kansa. Sabon ganye ya kan fito a tsaye kamar mashi, guda ɗaya tak, a ninke ninki bisa ninki kamar rufaffen mahuci. In ya buɗe, alamar ninkin ba ta ɓacewa har ya bushe. Jijiyoyin ganyen suna tafiya a jere, ba su yin raga kamar na ganyen kuka. Gwanda tana da dogon jiki da ganye a ka, amma jijiyoyinta raga ne, in ka karce ta kuma sai farin ruwa ya fito. Ayaba kuwa ganyenta a naɗe ya ke fitowa kamar tabarma, ba a ninke ba, jikinta kuma ruwa ne zalla. Su biyun ba dangin dabino ba ne.

Akwai wani mai ruɗi wanda ya fi waɗannan haɗari. Gajere ne, ganyensa kamar na dabino, ana shuka shi don ƙawa a ƙofar manyan gidaje da masaukan baƙi, wani ɗan'uwansa kuma yana tsira da kansa a duwatsun tsakiyar Nijeriya. Masana suna ce da danginsa saikad. Ganyensa ba shi da ninki ko kaɗan, mai kauri ne kamar fata, ƙaraminsa kuma yana da uwar saiwa. Ƙwayarsa tana da guba. Kada ka bar yara ko dabbobi su ci don an ce musu ɗan dabino ne.

Ka riƙe wannan kuma: ko wane kai na dangin dabino zuciya ɗaya gare shi, tana ɓoye a gindin mashin nan. In ka sare reshen tsamiya, ta tofo wani. In ka huda zuciyar giginya, shi ke nan, ta mutu. Saboda haka duk binciken da za ka yi, a tsofaffin ganyayen gefe za ka yi shi, ka bar mashin.

Tafin hannu ko gashin tsuntsu

Ganyen yana da kashi uku. Akwai gindi, wanda ya rungumi kututture. Akwai hannu, watau sandar da ta tashi daga gindin. Sa'an nan akwai shimfiɗar ganyen kanta. Ka fara da shimfiɗar. In yatsunta sun tashi daga wuri guda sun bazu kamar tafin hannunka a buɗe, to, a ƙasar Hausa ko giginya ce ko goriba. In kuwa 'yan ganye sun jeru dama da hagun a kan doguwar sanda kamar gashin jimina, to, ɗaya ce daga sauran biyar. Da wannan kallo guda ka raba aikinka biyu.

Bari mu fara da masu tafin hannu, don a nan manoma suka fi yin kuskure. Ƙaramar giginya da kaba, watau ƙaramar goriba, duka a ƙasa su ke zaune shekaru ba kututture. Mai sauri sai ya ce duk kaba ce, ya ɗaga gatari.

Kada ka yi sauri. Dubi launi tukuna. Ganyen giginya kore ne shar, na goriba kuwa kore ne mai toka-toka, kamar an barbaɗa masa gari. Sa'an nan dubi hannun. Ƙayar goriba baƙa ce, lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, an jera ta gefe da gefe, bakinta yana duban sama. Duk wanda ya taɓa yankan kaba ya san ta, gama in ta kama riga ba ta saki da arziki. Gefen hannun giginya shi ma baƙi ne mai kaifi, amma haƙoransa ba su daidaita ba, wani babba wani ƙarami, kamar bakin tsohon zarto wanda ya kakkarye. Bayan wannan, leƙa tsakanin yatsun. A goriba za ka ga zare siriri yana lilo a tsagin da ke tsakanin yatsa da yatsa. Kuma hannun goriba ya shige can cikin shimfiɗar, ya tanƙwara ta baya kamar lauje. Ganyen giginya ya fi buɗewa, ya kuma fi girma nesa ba kusa ba, na babbar giginya faɗinsa ya kan kai ƙafa 10.

Zamansu ma dabam ne. Kaba cunkus ta ke fitowa, kawuna da yawa a wuri guda. Giginya ita kaɗai ta ke tsayawa, sai dai ɗanta guda ya kan ɗauki ƙwallo har 3, saboda haka wani lokaci ka ga biyu ko uku sun tsiro gab da juna. In sun girma kuwa, ba sauran shakka. Giginya ta kan miƙe har ƙafa 80, in ta manyanta ta yi ciki a can sama, inuwarta ta faɗi nesa da gindinta, shi ya sa a ke yi mata kirari da na nesa ka sha inuwarki. Goriba kuwa ta kan rabu biyu, ko wane reshe kuma ya sake rabuwa biyu, abin da ba safai a ke gani cikin dangin nan ba. Wanda ya bi Gulbin Kaba ta wajen Mayahi zai ga filaye na kaba waɗanda ba su tashi ba. Ba wani iri ba ne dabam. Goriba ce wadda yawan yanka da kiwo suka hana ta yin jiki. In an kāre ta, an zaɓi kai ɗaya ko biyu an bari, sai ta tashi.

Bakwai da takwas

Masu gashin tsuntsu biyar ne: dabino, da kajinjiri, da kwakwar manja, da kwakwar Attagara, da tukurwa. Akwai wata dabara ƙarama wadda ta ke raba su, mutane da yawa sun tsufa cikin dabino ba su lura da ita ba.

Riƙe ganyen yadda ya ke a bisa itacen, fuskarsa tana duban sama. Kama ɗaya daga 'yan ganyen, ka yanke shi a gicciye kusa da inda ya manne da sanda, ka dubi bakin yankan. Ko wane ɗan ganye a ninke ya ke biyu. In ninkin ya buɗe sama kamar indararo, wanda ruwa zai iya kwanciya a ciki, watau kamar lambar bakwai ta Larabci (٧), to, dabino ne ko kajinjiri. In kuwa a kife ya ke kamar jinka, watau kamar lambar takwas (٨), to, kwakwa ce ko tukurwa. Wannan alama ba ta sākewa da taki, ko da fari, ko da inuwa. Tsawon ganye da launinsa suna iya ruɗin ka, amma ninki ba ya ƙarya.

Masu bakwai suna da wata shaida kuma. Bi sandar zuwa gindi, za ka ga 'yan ganyen suna ƙara gajarta suna ƙara tauri, har su zama dogayen ƙayoyi kamar basilla. Ƙayar dabino ɗan ganye ce wadda ta rikiɗa. Ka yi hankali da ita, sukarta tana da zafi, in ta karye cikin gaɓa kuma ta kan kumbura.

To, ina bambancin dabino da kajinjiri? Ganyen dabino toka-toka ne, mai tauri, yana tsaye ƙyam. Na kajinjiri kore ne mai sheƙi, ya fi laushi, ya kan sunkuya. Kajinjiri siririn jiki gare shi, yana zama jama'a a bakin rafi da kurmi, wasu a karkace. 'Ya'yansa ƙanana ne, nama kaɗan, birai da tsuntsaye suka fi morar su. Gaskiya dai, tun suna da ganye biyu ko uku, ido ba ya raba su da kyau. Sai an koma ga ƙwallo, za mu zo kansa.

Masu takwas ba su da wuya. Ganyen kwakwar Attagara, watau wadda a ke shan ruwanta, irin ta bakin teku wajen Badagiri, a shafe ya ke lumui kamar an taje shi, 'yan ganyen duk layi ɗaya, hannun kuma ba ƙaya. Na kwakwar manja a hargitse ya ke, wani ɗan ganye ya dubi sama wani ya dubi ƙasa, gefen hannun kuma da gajerun ƙayoyi. Tukurwa kuwa, shafa gefen ɗan ganyenta a hankali, za ka ji ƙananan ƙayoyi suna kama yatsa, akwai su kuma a kan jijiyar tsakiya. Sandarta ita ce gwangwala, mai kauri, marar nauyi, wadda a ke yin gado da tsani da rufi da ita. Cikin itatuwan duniya duka babu mai dogon ganye kamar dangin tukurwa. An taɓa auna ganye guda na wani irinta a kurmin Kwango, ya wuce ƙafa 80, watau tsawon babbar giginya ke nan a kwance.

Inda ganye ya kasa

Duk abin da muka faɗa game da ganye, na itacen da ya ɗan tasa ne. Jariri dabam ya ke. Ganyen fari na dabino, da na goriba, da na giginya, da na kwakwar manja, duk ba su da yatsu ko 'yan ganye. Falle ɗaya ne mai ninki, dogo kamar takobi. Kwakwar manja ta kan fara da 'yan ganyaye kamar kan mashi, sa'an nan ta fid da masu baki biyu kamar kofaton akuya, daga baya ta soma tsagawa. Dabino ya kan shekara yana kama da ciyawa. A nan ne za ka sauka ƙasa.

Ga yadda a ke tonon. Zuba ruwa a gindin tun da maraice, ƙasa ta kwana da laushi. Da safe ka ja baya kamar taƙi guda daga tsiron, ka tona ta gefe ɗaya kaɗai da tsinke ko tsohuwar wuƙa, kana kwashe ƙasa da hannu. Kada ka fizge shi, kada ka kewaye shi da rami. In ka ga abin da ka ke nema, ka mai da ƙasa, ka danna, ka ƙara ruwa.

Abu na fari da za ka gani shi ne babu uwar saiwa. Gawo da tsamiya suna da saiwa guda babba wadda ta nutsa ƙasa, ƙanana suna fita daga jikinta, duk shekara kuma tana ƙara kauri. Dangin dabino ba haka su ke ba. Saiwarsu ta fari ba ta daɗewa, sai waɗansu su yi ta fitowa daga gindin kututture, ɗari bisa ɗari, kamar igiyoyi. Ko wace da kaurin da ta fito da shi za ta mutu, yawanci ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba. Ka taɓa tumɓuke karan dawa ka dubi gindinsa? To, haka ne, sai dai girma. Ba banza ba kuwa, gama dangin dabino sun fi kusa da dawa da gero bisa ga kusancinsu da tsamiya. In ka yanke saiwa guda za ka ga ɓawo mai tauri, sa'an nan nama mai laushi, a tsakiya kuma zare mai ƙarfi kamar tsirkiya. Wanda ya tona ya sami uwar saiwa, ya san abin nan ba ɗan dangin ba ne, ko da ganyensa ya yi kama da su.

Abu na biyu ya fi amfani. Nemi ƙwallon da tsiron ya fito daga ciki, gama ya kan daɗe a manne. Dubi siffarsa, ka dubi kuma inda ya ke.

Kwakwa da tukurwa a jikin ƙwallo su ke tsira. Ganye ya yi sama, saiwa ta yi ƙasa, ƙwallon yana nan manne da gindin, kusa da fuskar ƙasa. Na kwakwar manja baƙi ne mai taurin dutse, da ido uku a kansa. Kwakwar Attagara ita ma ido uku gare ta, amma girmanta ya isa shaida. Ɗan tukurwa kuwa in ɓawonsa bai ruɓe ba za ka gan shi da saɓa mai sheƙi, jere bisa jere kamar ta kifi.

Dabino, da kajinjiri, da goriba, da giginya, nesa da ƙwallo su ke tsira. Ƙwallon ya kan fid da wata farar igiya kamar cibiya, ta nutsa ƙasa ɗauke da ɗan tsiron a bakinta. Sai ta kai inda za ta tsaya, sa'an nan ganye ya taso daga can, saiwa kuma ta ci gaba. Saboda haka in ka tona, za ka ga ƙwallo a sama, gindin tsiro a ƙasa, igiya ta haɗa su. Ta dabino gajeriya ce, inci kaɗan. Ƙwallon dabino ka san shi, dogo mai tsagi a ciki, kamar inci guda. Na kajinjiri shi ma da tsagin, amma gajere ne, wajen rabin wancan. Ga amsar tambayar da ganye ya kasa ba ka. Ƙodagon goriba kuwa da ƙwallon giginya mai gashi, wanda ya cika hannu, ba mai ɗaukar ɗaya a maimakon ɗaya.

Igiyar giginya ita ce sarauniya. Ta kan nutsa kusan kamu guda, wani lokaci fiye. A can ƙasa kuben tsiron ya kan kumbura da abincin da ya tsotso daga ƙwallo. Shi ne muruci, wanda a ke tonowa bayan wata 6 ko 8, a dafa, a kai kasuwa. Mutane suna ce da shi saiwa, amma ba saiwa ba ne. In ka tsaga shi za ka ga wani siririn abu a tsakiya wanda a ke cirewa a yar, shi ne giginyar kanta. Ko wane muruci da ka ci, giginya guda ce. Ba laifi ba ne cin sa, amma garin da ya tone duka bai bar na gobe ba, zai sayi azara da tsada. Mutanen Dallol Mauri ta wajen Gaya, inda giginya ta yi daji, suna barin ƙanana cikin gonakinsu suna noma a tsakani.

Me ya sa su ke binne kansu haka? Domin zuciyar nan guda ɗaya ta kuɓuta daga gobarar daji, da bakin akuya, da zafin bazara. Wuta ta cinye ganye, damina ta zo, wani ya fito. Amma wannan dabara tana da sharaɗi a kanka. Ƙaramar giginya da goriba ba su son dashe, don da wuya ka tono su ba ka tsinke igiyar ko ka raunana gindin ba. In kana son giginya a wuri, kai ƙwallon can ka binne shi. In mai talla ya nuna maka dashen giginya cikin ɗan gwangwani, ka san ba za ta yi nisa ba.

Akwai kuma saiwar da ba ta bukatar tono. A fadamar da ruwa ke kwanciya, tukurwa da kajinjiri su kan turo ƙananan saiwoyi sama daga cikin taɓo, tsaye kamar tsinkaye, don su shaƙi iska. Tsohon dabino da kwakwa kuma su kan yi tulin saiwa a gindi bisa ƙasa. Wannan ba ciwo ba ne, tara masa ƙasa kawai. Ban da irin waɗannan, saiwoyin manyan itatuwan dangin nan sun yi kama da juna ƙwarai. Saiwa ta kan gaya maka dangi, da yadda za ka yi dashe. Ganye ya kan kai ka kusa da suna. Fure da 'ya'ya su ne alƙalai.

Abin da ba za su gaya maka ba

Giginya, da goriba, da dabino, da kajinjiri, suna da namiji da mace a itace dabam dabam. Namiji ba ya 'ya'ya. Ganye ba ya nuna wannan, saiwa ma ba ta nunawa, sai ran da fure ya fito. Wanda ya ce maka ya san macen dabino tun tana ganye uku, cika baki ya ke yi. In ka shuka ƙwallo 100, wajen rabi maza za su fito, matan ma ba lalle su gaji zaƙin uwarsu ba. Shi ya sa masu dabino a Bilma da Ingal su ke cire 'ya'yan gindi, watau ƙananan da ke tsirowa a jikin uwa, su dasa. Ɗan gindi jikin uwarsa ne: in mace ce shi ma mace, in mai zaƙi ce shi ma haka. Namiji guda ya isa mata wajen 50 in ana ɗaukar furensa ana sa musu da hannu. Saboda haka in za ka sayi dashen dabino, tona ka gani. In ka sami ƙwallo da igiya, na ƙwallo ne, sa'a ce ka saya. In ka ga babban tabo a gefen gindi inda aka raba shi da uwa, ɗan gindi ne, sai ka nemi a nuna maka uwar.

Baƙi

A birane yanzu akwai waɗanda aka kawo daga hayin teku don ƙawa. In ka ga mai jiki sumul kamar ginshiƙin siminti, da wani dogon koren wuya mai santsi tsakanin kututture da ganye, baƙo ne, asalinsa wajen tsibirin Kuba. Babu ko ɗaya cikin namu mai irin wannan wuya. In ka ga wanda 'yan ganyensa suka yi kama da wutsiyar kifi, daga Asiya ya ke, kada ka murza 'ya'yansa, ruwansu yana sa ƙaiƙayi mai tsanani. A kurmin Amazon akwai wanda kututturensa bai taɓa ƙasa ba, yana tsaye bisa saiwoyi masu ƙaya kamar mai ƙafar kara, har a kan ce wai yana tafiya, amma wannan labari ne kawai. A Amurka ta Tsakiya kuma akwai wanda saiwoyinsa ke fitowa a jikin kututture su zama ƙaya. Irin waɗannan kam saiwa kaɗai ta isa ta faɗi sunansu.

In ka gamu da wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ɗauki alkalami, ga amfanin karatunka ya zo. Rubuta wurin, da ranar, da irin ƙasar, ko tudu ko fadama. Rubuta ko shi kaɗai ya ke ko jama'a, tafin hannu ne ko gashin tsuntsu, bakwai ne ko takwas, ina ƙaya ta ke. Auna hannun ganye da shimfiɗarsa. Tambayi tsofaffin wurin sunansa da abin da su ke yi da shi, gama sau da yawa abin da ya ke baƙo ga masana, tsohon sani ne ga makiyayi. Ganyen ya fi ƙarfin takarda, saboda haka yanki gindinsa, da tsakiyarsa, da ƙarshensa, ka danne su su bushe, ka haɗa da 'ya'ya in akwai. Ɗauki hoton itacen duka, mutum yana tsaye a gindinsa don a gane tsawo. Sa'an nan ka kai wa ma'aikacin gandun daji. Akwai ɗakunan da a ke ajiye busassun ganyaye don gwadawa, kamar na Ibadan wanda aka kafa a 1942, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da babban na Kew kusa da Landan.

Kada ka ce wannan wahalar banza ce. Goriba tana da wata 'yar'uwa wadda labarinta ya isa a ji. Masu tonon kaburburan mutanen Masar na dā sun riƙa samun waɗansu busassun 'ya'yan itace da aka ajiye wa matattu, wasu sun fi shekara 4,000. A 1826 wani masani Bajamushe mai suna Kunth ya duba su, ya ce na dangin dabino ne, amma ba wanda ya san itacen. Sai a 1837 aka gan shi da rai a hamadar Nubiya, a arewacin Sudan. Daga baya labarinsa ya yi ta dushewa, har waɗansu suka ɗauka ya ƙare. A 1963 masana suka tarad da babba guda da 'yan ƙanana kaɗan a wani wurin ruwa da a ke kira Dungul, a kudancin Masar. A 1995 kuma waɗansu Turawa biyu suka bi hamadar Sudan suka same shi a cikin kwari. Duk wannan zamani makiyayan raƙuma na wurin sun san shi, suna yankan ganyensa suna tufka igiya da saƙa tabarma. Suna ce da shi argun, masana kuma suna ce da shi Medemia.

Daga nesa sai ka ce goriba ce wadda ba ta yi reshe ba, gama ganyensa tafin hannu ne mai lanƙwasa kamar nata. In wata rana tafiya ta kai ka wannan hamada, ka ga irinsa, matsa kusa ka shafa hannun ganyen daga gindi zuwa sama. Na argun ba shi da ƙugiyar nan baƙa ko ɗaya. Sa'an nan nemi ɗansa a ƙasa, baƙi ne mai jan shuɗi, bai kai ɗan goriba girma ba. Fasa ƙwallon. Cikin ƙodagon goriba fari ne fat, na argun kuwa da zane-zane ja-ja sun ratsa farin.